Ranar da Na Ajiye Tulu a Tsakiyar Waƙa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Baba Fasto, iyayena mata, 'yan'uwana na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku. Halleluya!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hanatu, matar Bulus makanike, a nan Anguwan Rukuba muke zaune. Ni ce mai buga tulu in matan zumunta sun tashi waƙa. Da yawanku kuna wurin ranar da na ajiye tulun a tsakiyar waƙa a taronmu na Bukuru na fice, kuma na san an yi ta magana. Wasu sun ce raini ne. Wasu sun ce tsoro ne ya fi ƙarfin bangaskiyata. Ban amsa wa kowa ba a lokacin. Yau zan amsa, a gaban Allah da gabanku.

Cikina na fari ɗa namiji ne. Ya shiga wata tara lafiya lau, sai motsinsa ya fara raguwa. Na gaya wa matan layinmu, na gaya wa surukata Mama Laraba, kowa bakinsa ɗaya: "In haihuwa ta kusa, yaro kan yi shiru, ƙarfi yake tarawa." Amarya ce ni, ban san komai ba, na yarda na zauna. Da muka je asibiti daga baya, babu rai a jikinsa. Ban ji kukansa ba. Da zanen da na saya don goyo aka naɗe shi, Bulus ya ɗauke shi ya fita.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan wannan na yi fushi da Allah. Ina zuwa sujada, hannuna yana buga tulu, bakina yana waƙa, amma zuciyata a kulle take. In ana suna a unguwa sai in ce kaina yana ciwo. Shekaru na yi a haka. Da na sake samun ciki ma, ba murna na yi ba, tsoro ne ya zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Wata rana a wurin awon ciki, wata nas gajeruwa mai babbar murya ta tsaya a gabanmu ta ce, "Mata, ku ji ni da kyau. Ciki in ya kai wata shida zuwa sama, kowane yaro yana da nasa lokutan motsi. Babu wanda zai san na ɗanki sai ke. Ki lura da shi kullum. In kina shakka, ki kwanta a gefen hagu, ki sa hannu a ciki, ki natsu ki saurara. Kuma wannan maganar da ake yi wai yaro yana daina motsi in haihuwa ta kusa, ba gaskiya ba ce. Wuri yana yi masa kaɗan, salon motsin yana iya canzawa, amma yana motsi har ranar naƙuda. In kin ji ya ragu, ko ya bar yadda kika saba, ki zo a ranar. Kada ki jira gobe, kada ki jira ranar awo."

'Yan'uwa, a kan bencin nan na fashe da kuka. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka naƙuda ce.

Daga ranar na fara koyon ɗan da ke cikina. In na sha kunun safe, sai ya fara juyi. In na kwanta da rana, sai ya tokare ni a ƙarƙashin haƙarƙari. In kuwa na ɗora tulu a cinya na fara bugawa, wayyo, sai ka ce shi ma ɗan zumunta ne! Ina bugu daga waje, yana bugu daga ciki.

Ranar taron Bukuru, Asabar ce cikin damina, ana yayyafi da sanyi, cikin ya shiga watansa. Na sha kununa, na jira. Motsi ya zo, amma ba ƙarfi, kamar wanda ya ɗaga hannu ya fasa. A cikin bas na ce wa kaina girgizar hanya ce ta hana ni ji. Da muka isa, na zagaya bayan majami'a na kwanta kan benci a gefen hagu, hannuna a ciki. Na daɗe a kwance. Da kyar na ji wani ɗan abu can ƙasa. Sai aka kira matan Anguwan Rukuba su fito waƙa, na tashi na ɗauki tulu.

Na buga, na buga da ƙarfi, har tafin hannuna ya yi zafi. Shiru. Yaron da bai taɓa barin in buga ni kaɗai ba, shiru!

Na ajiye tulun a ƙasa, na bi ta tsakiyar mata na fita.

Mama Laraba ta biyo ni har bakin titi, tana haki. Ta ce, "Hanatu, kanki ɗaya kuwa? Ana yabon Ubangiji ki juya baya ki fita? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Mama, yaron ba ya motsi yadda ya saba."

Ta ce, "Sanyi ne, 'yata. Watansa ne, hutawa yake. Zo mu koma a ɗora miki hannu a yi addu'a. Duk 'ya'yana a ɗaki na haife su, ban taɓa gudu asibiti don yaro ya yi barci ba. Ina bangaskiyarki?"

Tun da na shiga gidansu ban taɓa mayar wa Mama magana ba. Ranar na dube ta ido cikin ido na ce, "Mama, wannan maganar na ji wancan karon. Na ji, na bi, na binne. Yau ba zan bi ba."

Na kira Bulus a waya. Ya ce, "Jibi Litinin ai ranar awonki ce. Ga motar oga a buɗe a gabana, ki bari mana."

Na ce, "Maigida, ba shawara na kira mu yi ba. Asibiti zan tafi yanzu. Ka same ni can." Na kashe wayar.

Na tsaya a bakin titi ina jiran keke napep. Ruwa yana sauka a kaina, babu keke ko ɗaya a hanya, ina jin waƙar mata daga cikin majami'a. Na kama cikina da hannu biyu na buɗe baki, ban damu da masu wucewa ba. Na ce, "Ya Ubangiji, na daɗe ina fushi da kai, ka sani. Yau ba fushi na kawo maka ba, ɗana na kawo. Kai ka buɗe kunnena na ji abin da aka koya mini, kai ka ba ni ƙafa. Ni zan yi tafiyar, kai ka riƙe ran yaron nan har in isa. Kabari ba zai ci daga cikina sau biyu ba, cikin sunan Yesu!"

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Amma dutsen nan da ke ƙirjina ya sauka. Da keke ya zo na shiga, sai ga Mama ta tura ni gefe ta zauna, tana ƙunƙuni, tana tare mini feshin ruwa da lemarta.

A asibiti kalma kaɗan na faɗa: "Motsin ɗana ya ragu tun safe." Babu wanda ya ce in koma sai ranar awo. Nan take aka kwantar da ni, aka ɗora na'ura a cikina. Na ji bugun zuciya! Amma sai ya yi sauri, sai ya ja baya kamar zai ɓace, sai ya dawo. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Madam, yaron yana da rai, amma yana wahala. Ruwan da yake ciki ya ragu sosai. Ba za mu jira naƙuda ba, aiki za mu yi yanzu."

Mama ta ɗora hannu a ka. "Aiki? A gidanmu ba a taɓa yanka mace ba!"

Daidai nan Bulus ya shigo a guje, hannunsa duk baƙin mai. Aka ce ya sa hannu a takardar yarda da aikin. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya tsaya. Na ce wa nas, "Sista, ba ni biron. Cikina ne, ni zan sa." Sai Bulus ya fizge biron ya ce, "Ku yi mata, likita. Ku yi sauri."

Idona biyu aka yi aikin, an kare ni da ƙyalle. Na ji likita ya ce mace ce. Sai ɗakin ya yi shiru, irin shirun da na sani. Ina ta kiran sunan Yesu a hankali. Can sai wata 'yar murya ta tsage, siririya, mai fushi. Kuka, 'yan'uwa! Kukan da na yi shekaru ina jira! Halleluya!

Daga baya likita ya ce da mun bari sai Litinin, da ba wannan labarin muke bayarwa ba.

Washegari Mama ta kawo mini gwate in sha, ta zauna a bakin gado tana kallon jaririyar. Ta ce, "Hanatu, da kin ji maganata..." Ba ta ƙarasa ba. Ta rufe fuska da zane. Na riƙe hannunta muka yi kuka tare, na wanda ya tafi da na wadda ta zo. Mama ba muguwa ba ce, abin da aka gaya mata ta gaya mini. Bulus ya sa wa yarinyar suna Nasara. Ga ta can a bayan kakarta, ku dube ta da kyau.

Na ji wasu suna raɗa wai ban haihu da kaina ba, wai wuƙa ce ta haifa mini. To, ku ji. Tabon nan da ke cikina ba na jin kunyarsa ko kaɗan. Ta ƙofar nan Allah ya fito mini da 'yata da rai, kuma in ya ce ta nan zan sake bi, zan bi ina waƙa.

Ke 'yar'uwata mai ciki, ki san motsin ɗanki kamar yadda kika san muryar mijinki. Ranar da ya ragu, ki tashi a ranar. Ko kina kasuwa, ko kina kan tukunya, ko kina tsakiyar sujada. Ki yi addu'a, i, amma ki yi ta kina kan hanya. Iyayenmu mata, in 'yarku ta ce yaro ya yi shiru, kada ku ce mata hutawa yake. Ku ɗauki lema ku tsayar mata da keke.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya ji ni a bakin titi cikin ruwa, ni da na daɗe ban yi masa magana ba. Ku dogara gare shi, yana ji. Yabo ga sunan Yesu! Amin.