Kalmar da Likita Ya Faɗa wa Tsoho

A bencin jiran likita, wani tsoho riƙe da takalman matarsa ya matso kusa da wata mai juna biyu.

"'Yata, kina jin Turanci? Likita ya nuna ni ya ce dibotad. Wata cuta ce?"

Ta yi dariya. "Yabo ne, Baba. Wanda ya riƙe mutum tsakani da Allah, ba gajiyawa."

"Ko ana rigima kullum?"

"Ko ana yi."

"To, da sauƙi. Ke ina naki dibotad ɗin?"

Ta duba waya, ta dubi ƙofa.

"Ya ce yana hanya, Baba."

Tsohon ya gyara zama. "Bari mu jira shi tare."