'Yan Tsaki a Cikin Riga

A tashar motar garin Vaslui, wata mata mai ƙaton akwati ta zauna kusa da wata tsohuwa. Sai ta ji kuka siriri daga cikin rigar sanyin tsohuwar.

"Inna, 'yan tsaki ne a ƙirjinki?"

"Zawo suke yi, likitan dabbobi zan kai wa."

"Da kin bar su da uwarsu. Ai ta fi ki ɗumi."

"Ta ƙi su. Da jikinsu ya yi sanyi na kwashe su a rariya, na ajiye gefen murhu. Da na mayar mata, sai ta bi su da sara. Su ma yanzu ba su san ta ba, ni suke bi."

"Amma ita ta ƙyanƙyashe su!"

"Me ya yi zafi, 'yar nan? Daga ina kike?"

"Daga Italiya na dawo, aikin jinyar tsofaffi. 'Yata Ilinca tana rarrafe na bar wa mahaifiyata ita. Bana za ta shiga makaranta."

Tsohuwar ta zaro tsako ɗaya.

"Buɗe hannunki. Kar ki matse shi. Jira ya lafe da kansa."