Aikin da Ba a Yanka

A ɗakin jira na sashen ƙona ƙari da haske, a Lahore, wani mutum yana yi wa wani tsoho mita. Matar mutumin na zaune a gefensa.

"Baba, wannan ma aiki ne? Mota guda na kwaso 'yan'uwa don su ba da jini, na yanka baƙar akuya sadaka, wai ba wuƙa ba ɗinki. Haske za a haska mata, da yamma mu tafi."

"Haka aka yi mini, ɗana. Ni ma a jijiyar kunne ƙarin yake, kamar nata, ya kuma daina girma."

"Abin da haske zai kashe ai ba ciwo ba ne, raini ne. In yi magana ta yi banza da ni, har gidansu na taɓa kora ta. Gida za mu koma."

"Wane kunnen nata ne ya mutu?"

"Na hagu, wai."

"To, sarkin wayo, na daman ne ta wajenka, duk ta ji ka."

Aka kira matar, Nasrin Bibi. Ta miƙe ta shiga, ba ta ko dubi mijin ba.