Kafin A Goge Wayar Hamani

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wakilin mai girma perefe mai mulkin Gaya, magajin gari, malam liman, Alhaji Yacuba yayan marigayi, Hajiya Balki mai ɗakin marigayi, ɗiyarsa Khaulat, jama'a, sannunmu da haƙuri.

Sunana Yazidu, taya nake sayarwa a Yamai. Na zo da yawun 'yan Gaya da neman abinci ya warwatsa, mu masu karanta shafin Hamani a intanet. Da yawanmu ba mu taɓa gaisawa da shi hannu da hannu ba. Ni kaina shekara shida muna hira kullum, ina ce masa sai bayan salla zan zo. Ga shi na zo, ran sadakar arba'in ɗinsa.

Ya kasance kowace safiya, kafin ya fara kabu-kabu, sai ya tsaya bakin kogi ya ɗauki hoto, ya rubuta mana ko ruwa ya ƙaru. Ya kasance da ɗan tsegumi, ba zan ɓoye ba: akuyar da ta tsallaka gadar kan iyaka zuwa Malanville ba takarda ma sai da ta samu layi uku. In rezon waya ya ɗauke masa a hanyar Tanda, yini muke kamar ba mu karya kumallo ba. Muna kewarsa ƙwarai.

Ya kasance ƙafarmu a gida. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Bengou, shi kaɗai na gaya wa. Washegari ya je har ɗakinta, ya kunna waya, ya ce, "Inna, ɗanki na Yamai ya ƙi zuwa, yi masa faɗa." Ta kuwa yi, ya ɗauki muryarta ya turo mini. Wannan faɗan shi ne maganarta ta ƙarshe da na ji. Bara wayata ta faɗa ruwa, yanzu muryar tana cikin tasa kaɗai.

Alhaji Yacuba, na ji wayar ta faɗo a rabon Khaulat, kuma gobe za a kai ta kasuwa a goge komai, don a rufa wa mamaci asiri. Kuna da gaskiya. Hajiya Balki, na san sau da yawa tuwonki ya huce saboda wayar nan, ki yafe mana. Amma muna roƙonku kwana uku. Khaulat ta san lambar buɗe ta, ta zauna ita kaɗai, abin da yake na gida ta bar shi a gida, namu ta miƙo mana. Ba ni ɗaya ba ne, Misbahu na Kwatano ma muryar babansa na ciki.

Mun gode da kuka saurare mu. Gobe da safe zan je bakin kogi da kaina, don kwana arba'in ke nan ba wanda ya gaya mana ko ruwa ya ƙaru. Allah ya jiƙan Hamani, ya kai haske kabarinsa. Yadda ya sada mu da namu, Allah ya sada shi da Manzonsa. Amin.