Warin Fetur da Birkin Ƙwaƙwalwa

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni direba ne a Maitama, iyalina na can Gusau. Tun da tankar mai ta kama da wuta a gabana a Nyanya, in na ji warin fetur sai tsoro ya kama ni, in kasa tuƙi. Na ɗauka aikin ya ƙare. Ogan da nake yi wa tuƙi, wanda ko sannu ba ya ce mini, bai kore ni ba, asibiti ya tura ni. Wannan kam na yaba.

Likita ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwa na ajiye tsoro, amma tana da birki. Naka sanyi ya yi, yana gyaruwa a hankali."

Jiya na shiga gidan mai, gumi sharkaf, na tsaya har aka cika tanki. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya warke, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.