Rijiyar Indo Mai Warin Mai

A tashar Kura, motar Bunkure ta ƙi cika. Indo na rungume da gorar ruwa, dattijon da ke kusa da ita sai kallon gorar yake yi.

"Baiwar Allah, rubutu ne?"

"Ina fa, Baba. Ruwan rijiyarmu ne, zan kai a duba. Shinshina ka ji."

Ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "Baƙin mai! Kullum haka yake?"

"Abin da ya ɗaure min kai ke nan. In an rufe kanal, garau yake. Da an sako wa gonaki ruwa sai ya ɗauki wari, yara su yi ta amai. Maƙwabciyata nake zargi, ko gaisawa mun daina."

"Ƙasarku rairayi ce?"

"Zalla."

"To, ba sai an zuba da hannu ba. Mai yakan nutse cikin rairayi ya kwanta. In ruwan ƙasa ya taso, sai ya ɗauko shi a ka ya yi gangare da shi. Akwai mai gyaran inji kusa da ku?"

"Babu. Namu injin ban ruwan ma maigida ke juye mansa, ni kuma in zuba a gindin rumbu saboda gara. Shekara da shekaru, ko gara ɗaya..."

Ta dubi gorar da ke hannunta.

"Ina rumbun yake?"

"Bakin rijiya," ta ce a hankali.

Mota ta cika, kwandasta ya jawo ƙofa zai rufe, Indo ta miƙe.

"Tsaya, yaro, in sauka. Akwai wadda zan je in gaisar."