Alkama da Garin Furen Masara

A tashar motocin haya, wato trotro, ta Nima, Baba Jibirilu mai gashin burodi ya leƙa hoton da ke wayar wata matashiya mai binciken irin shuka.

"'Yata, wannan ba alkama ba ce?"

"Ita ce, Baba. Irin da zai jure zafinmu muke nema. Garin furen masara muke barbaɗa mata."

"Masara? Burodin ba zai koma dokunu, tuwon masara, ba?"

Ta yi dariya. "Ƙwayoyin gadon masarar ɓacewa suke yi. Sai mu ninka na alkamar, sabon iri ya tsaya da halinsa a shekara biyu maimakon bakwai."

Tsohon ya daɗe yana burin kwaɓa fulawar ƙasarsa kafin ya mutu. Ya ƙura wa yatsunsa biyu ido.

"Ikon Allah. Bakwai kam da na cire rai. Biyu, zan jira ki."